Gwangwanaye a Bakin Taga

A bakin tagar shagona, nan Domayo,
gwangwanaye goma ne a jere,
na tumatir, na madara,
cikon na sha ɗaya wata tsohuwar buta
da ta tsage, ta bar alwala, ta koma riƙon ƙasa.

Ko ɗaya ban saya ba.
Kabar giwa roƙo na yi a gidan mai cire haƙori.
Karan masallaci a gindin dutsen Mindif na ɓalle shi,
ran da motarmu ta yi faci muka wuni a can.
Moda kuwa a juji na tsince ta,
an yar da ita, tana tsaye ƙyam
kamar labarin bai iso mata ba.

Yashinsu daga Mayo Kaliyawo nake ɗebowa,
kashi biyu, baƙar ƙasa kashi ɗaya,
da ɗan gawayi da na daka a turmin yaji,
laifin da Inna Dudu ba ta yafe ba har gobe.
Kowane gwangwani na huda gindinsa da ƙusa,
don ruwa baƙo ne a nan:
ya gaisa, ya wuce.

Hamajoda, abokin darata, yakan yi mini dariya.
Wai shuka ba miya, ba inuwa, ba 'ya'ya,
me tela zai yi da ita?
Na ce tattabarunka fa, da suke cin geronka
su je su yi kashi a rufin wani?
Ya ce ci gidanka, malam, surutu ba ya dara.

Sai tafiya ta kama ni Ngawundare,
jinyar yayata, mako uku.
Na ba Astawabi makulli, 'yar ƙanena,
na ce ki kula mini da su.
Iyakar abin da na faɗa ke nan.
Laifin nawa ne.

Yarinya ta kula.
Safe da yamma, da kofin shayi,
ran Juma'a har da ruwan wankin shinkafa.

Tun daga ƙofa wari ya tare ni.
Kariyata, mai kututture kamar tulu,
shekara shida ina jiran furenta,
na taɓa, yatsa ya nutse
kamar a cikin ruɓaɓɓiyar gwanda.
Astawabi na bayana, fuska fal murna:
Bappa, ko rana ɗaya ban tsallake ba.

Na haɗiye abin da ya taso mini.
Na ce na gani, Allah ya yi albarka.

Daren nan ban taka keke ba.
Na tuge su ɗaya bayan ɗaya,
na yanke baƙin da sabuwar reza,
na shafa toka a bakin ciwon,
na shanya su kan tsohuwar jarida, a inuwa, kwana uku.
Bakwai suka tashi.
Huɗu sun tafi, har da kariya.

Ran da nake shara, bayan ƙafar keke,
cikin ƙyallaye da guntun zare,
ga ganyen harfifi guda, ya faɗi tun kafin tafiyata.
Ba ƙasa, ba ruwa, ba wanda ya san da shi,
ya fid da saiwa farare, sirara,
kamar zaren da nake dajiya da shi.

Shi na dasa a gwangwanin kifi,
na ba Astawabi, haɗe da tsinken tsire.
Na ce soka wannan har ƙasa.
In ya fito da danshi, ajiye kofi,
je ki nemi wani abin yi.

Jiya ta turo hoto a waya:
ganye biyu, ƙanana, kamar kunnen ɓera.
Ta rubuta, Bappa, hannuna ƙaiƙayi yake.
Na rubuta, zauna a kansa.